Yadda Koci Zai Yi Magana da Sabon Ɗalibi a Wajen Ɗaga Ƙarfe

Tambayar da matasa masu koyar da ɗaga ƙarfe a Kano suka fi maimaita mini ta shafi sabon ɗalibi ne. A yi masa bayani ya gyaɗa kai, a nuna masa ya ce ya gane, amma da zarar ya kama ƙarfen sai ya yi wani abu dabam, bayan mako biyu kuma a neme shi a rasa. Sau da yawa matsalar tana cikin yadda aka yi masa magana. Mutumin da ke ƙarƙashin nauyi ba ya iya riƙe fiye da kalmomi kaɗan a kansa, saboda haka duk wani dogon bayani wajibi ne a gama shi kafin ya taɓa ƙarfe, ko kuma a jinkirta shi sai ya ajiye. Matakan da ke tafe an jera su ne yadda ya kamata su zo, tun daga ranar da mutum ya shigo har ƙarshen watansa na farko, kuma suna aiki ko a babban gidan motsa jiki na Nassarawa ne mai na'urar sanyaya ɗaki, ko a rumfar kwano ta cikin unguwa inda ake ɗaga gwangwanin siminti da tsofaffin ƙarafan mota.

1. Tanadi kayan koyarwa

Kayan da ke taimaka wa magana ba su da tsada. Kana buƙatar sanda marar nauyi mai tsawon mita ɗaya da rabi ko kusa da haka, ko dai gora miƙaƙƙiya ko bututun roba irin na masu aikin famfo. Kana buƙatar benci ko akwati mai ƙwari wanda tsayinsa ya kai gwiwa, da alli na zana layi a ƙasa, da littafi da biro, sai kuma wayar hannu mai ɗaukar bidiyo. Idan aka cire wayar da bencin, sauran duka ba su kai kuɗin faifan ƙarfe ɗaya mai kilo 10 ba.

Abu na biyu shi ne sanin ainihin nauyin kowane ƙarfe da ke wurinka, domin rabin maganarka da ɗalibi lambobi ne. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuma kilo 15. Fayafayen gasa suna da launi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Idan kuwa sandarka mai walda ne ya haɗa maka ita daga ƙarafan da ka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, to ka kai ta wurin mai sikeli, ko da na masu sayar da gas ne, ka auna ta, ka auna kowane faifai da kowane gwangwani, ka rubuta nauyin a jikinsu da fenti.

Gargaɗi: gwangwanaye biyu na siminti ba kasafai suke zuwa da nauyi ɗaya ba. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, ɗalibi zai riƙa karkacewa, kai kuma ka yi ta yi masa faɗa a kan abin da ba laifinsa ba.

2. Zauna da shi kafin ya sauya kaya

Ware minti goma zuwa goma sha biyar ku zauna gefe, nesa da kiɗa da idon jama'a. Fara da gaisuwa cikakkiya, sannan ka tambaye shi yadda yake so a kira shi. Wannan ya fi muhimmanci idan ya girme ka. Mutumin da ya kai sa'ar mahaifinka ba zai ji daɗi ba idan yaro ya daka masa tsawa da sunansa a gaban mutane, ko da bai nuna ba. Alhaji, ko Malam, ko Yallaɓai, tare da "ku" a maimakon "kai", ba za su rage wa umarninka ƙarfi ba. Ga sa'anka ko ƙaninka sunansa ya isa. Laƙabin da ya shafi jiki kuwa, irin su "siriri" ko "mai tumbi", kada ya fito daga bakinka, kuma kada ka bari ya fito daga bakin sauran 'yan wurin, domin abin da ya kawo mutum ke nan, kuma shi ne zai kore shi.

Tambayoyin lafiya su zo ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta. Idan ka ce wa Bahaushe "lafiyarka ƙalau?" amsar da za ka samu ita ce "alhamdu lillahi", ko da jiya aka sallamo shi daga asibiti. Saboda haka ka tambaya a fili: ko an taɓa gaya masa yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, ko yana da ƙaba ko gwaiwa, ko an taɓa yi masa tiyata, ko ya taɓa karaya ko gocewar ƙashi, ko bayansa, ko gwiwarsa, ko kafaɗarsa na damunsa, ko akwai maganin da yake sha kullum. Ka gaya masa dalilin tambayar, ka kuma tabbatar masa cewa amsar ba za ta wuce tsakaninku ba.

Daga nan ka tambayi sana'arsa da abin da yake nema. Tela da direban adaidaita sahu suna yini a zaune, sukan zo da ƙugu a ɗaure da baya a lanƙwashe. Ɗan dako yana da ƙarfi tun kafin ya zo, amma ya saba ɗaukar kaya ta hanyar da za ka sha wahalar sauyawa. Burinsa kuma ka rubuta shi da kalmominsa, domin da su za ka riƙa yi masa bayani nan gaba: wanda ya zo don ciwon baya ba da harshe ɗaya ake lallashinsa da wanda ya zo don faɗin ƙirji ba.

Gargaɗi: mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai ƙaba, da wanda bai daɗe da tiyata ba, da mai juna biyu, su fara ganin likita kafin ka ɗora musu nauyi. Kada kuɗin rajista ya sa ka kau da kai daga wannan.

3. Ku yi yarjejeniya a kan kalmomi

Wannan mataki gajere ne, amma shi ne ke hana haɗari. Kafin a taɓa ƙarfe ku amince da kalmomi kaɗan waɗanda ma'anarsu ba ta sauyawa. "Tsaya" na nufin ya daina motsi nan take ba tare da tambaya ba. "Ajiye" na nufin ya mayar da ƙarfen mazauninsa a hankali. "Karɓa" kalmarsa ce shi, wadda idan ya furta za ka kama sandar ba tare da ka ce masa ya ƙara ɗaya ba. Ku gwada su da sandar roba sau biyu ko uku har su zauna.

Ka kuma raba masa gajiya da ciwo. Gajiya ita ce zafi ko nauyin da tsoka ke yi a ƙarshen zagaye (wato jerin maimaita motsi da ake yi kafin a huta), wanda ke lafawa idan an huta. Ciwo shi ne suka mai kaifi a gaɓa ko a ƙashin baya, ko wani abu da ke sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ko hannu ya mutu. Ka faɗa masa a fili cewa faɗin ciwo ba ragwanci ba ne, domin matasanmu da yawa sun taso da cewa namiji ba ya raki.

Kowane atisaye ka ba shi suna ɗaya ka tsaya a kai. A wuraren da ake cuɗanya, kamar Sabon Gari, za ka ji Hausa da Turanci a haɗe, kuma babu laifi a cikin haka, muddin abin da ka kira tsuguno yau ba ka sauya masa suna gobe ba.

4. Nuna kafin ka faɗa

Gani ya kori ji. Tsayar da ɗalibin a gefenka, nisan taku uku, ka yi motsin sau uku bakinka a rufe. Juya ka fuskance shi ka sake yi. Sai a karo na uku, a hankali, za ka ambaci abubuwa biyu kacal da kake so ya lura da su, misali inda ƙafafunka suke da inda sandar take bi. Yi wannan da sanda marar nauyi. Kocin da ya ɗora kilo 100 don ya nuna wa sabon shiga tsuguno, ƙarfinsa ya nuna, ɗalibin kuma fayafayen yake kallo, ba ƙafar ba.

Kada ka fara da nuna kuskure. Idan ka ce "kada ka yi haka" ka kuma kwatanta, hoton da zai zauna masa ke nan. Haka nan ka daina tambayar "ka gane?", domin kunya da ladabi za su sa ya ce e. Miƙa masa sandar ka ce, "Nuna mini." Zagayen farko ka bar shi ya yi sau biyar ba tare da ka ce uffan ba, sai fa idan ka ga haɗari, domin mutane da yawa suna gyara kansu da kansu tsakanin na farko da na biyar, kuma abin da ya rage bayan nan shi ne aikinka na gaskiya.

5. Umarni ɗaya a zagaye ɗaya

A nan ne yawancin masu koyarwa suke ɓata aikinsu, kuma sanin da suke da shi ne yake jawo haka. Koci ya ga kurakurai biyar a lokaci guda, sai ya zubo su duka: ɗaga ƙirji, buɗe gwiwa, miƙe baya, dubi gaba, ja numfashi. Ɗalibin ya rikice, ya manta har abin da ya iya. Zaɓi ɗaya. Idan akwai wanda zai iya jawo rauni, kamar lanƙwashewar baya a ɗagowa daga ƙasa, shi ne farko. Idan babu, ka fara daga ƙasa ka hau sama: ƙafa, gwiwa, ƙugu da baya, sannan hannu da kai. Dalilin wannan jeri shi ne kuskuren sama sau da yawa ɗan kuskuren ƙasa ne, da zarar tafin ƙafa ya zauna daidai sai ka ga gwiwa ta gyaru ba tare da an ambace ta ba.

Umarnin ya kasance gajere, kalma biyu zuwa huɗu, kuma ya faɗi abin da za a yi, ba abin da za a bari ba. "Kada ka ɗaga dunduniya" ya bar mutum yana tunanin dunduniya. "Danna ƙasa da dunduniya" ya ba shi aiki. Sannan ya fi kyau umarnin ya karkata hankalinsa ga wani abu da ke wajen jikinsa, kamar ƙasa, ko bango, ko sanda, ko rufi. Binciken masana koyon motsi ya daɗe yana nuna cewa mutum ya fi saurin ƙwarewa idan hankalinsa na kan abin da motsin zai haifar, fiye da idan yana ƙoƙarin sarrafa tsoka ɗaya-ɗaya. Sabon shiga bai san sunayen tsokoki ba, kuma ba ya buƙatar saninsu a makon farko.

A tsuguno, mutanenmu suna da wata riba: mun saba tsugunawa tun muna yara, wajen alwala da wajen cin abinci, don haka sauka ƙasa ba ya ba mu wuya. Sai dai tsugunon da muka saba na hutu ne, baya a sake, ƙirji a kan gwiwa. Idan ka ce "tsuguna" kawai, shi za ka samu. Ajiye benci a bayansa, zana masa wurin ƙafa da alli daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan buɗe waje, ka ce, "Taɓa benci ka tashi." Idan gwiwoyinsa suna faɗawa ciki wajen tashi, ka ce, "Buɗe ƙasa da ƙafarka," wato ya tura tafukan ƙafarsa gefe da gefe ba tare da sun motsa ba. Idan ƙirjinsa na faɗuwa, ka tsaya a gabansa ka ce ya nuna maka rubutun rigarsa.

Ɗagowa daga ƙasa ta fi buƙatar haƙuri, domin ta ginu ne a kan tura ƙugu baya alhali baya na miƙe. Hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar magana mai yawa. Ɗora masa sandar roba a tsaye a bayansa, ya riƙe ta da hannu ɗaya a wuya, ɗaya a kwankwaso, yadda za ta taɓa wurare uku: ƙeya, da tsakanin kafaɗu, da ƙasan kwankwaso. Tsayar da shi taku ɗaya gaban bango, ya ba bangon baya, ka ce, "Taɓa bango da ƙugu." Da zarar bayansa ya lanƙwashe, sandar za ta bar ƙeyarsa ko kwankwasonsa, shi da kansa zai ji, za ka ga ya tsaya ya gyara kafin ka buɗe baki. Ga wanda ke salla, tuna masa da miƙewar baya a ruku'u yana taimakawa ƙwarai, tare da bayanin cewa a nan gwiwa tana ɗan lanƙwashewa. Idan ya koma kan ƙarfe, umarnin shi ne "manna sanda da ƙwauri", sannan "tura ƙasa".

A atisayen tura sanda sama a kwance a kan benci, ka fara da riƙo: babban yatsa ya zagaye sandar. Ƙafafu a kafe a ƙasa, kafaɗu a matse a baya, sanda ta sauko ƙasan ƙirji a hankali ta taɓa riga, sai "tura rufi".

Gargaɗi: riƙon da babban yatsa ke gefe ɗaya da sauran yatsu, wanda wasu tsofaffin hannu ke yi don burgewa, yana iya sa sanda ta suɓuce ta faɗo a ƙirji ko a wuya. Wannan kuskure ne da ake tsayar da zagaye a kansa nan take.

6. Koyar da numfashi shi kaɗai

Kada ka cusa numfashi cikin wani darasi. Ba shi minti biyar nasa, ba tare da ƙarfe ba. Ɗalibin ya ɗora hannuwansa a gefen cikinsa, ya ja iska har ya ji hannuwan sun buɗe, sannan ya ɗaure cikin kamar wanda za a kai wa naushi. Da haka zai sauka, ya saki iskar a hankali yayin da yake wuce wurin da ya fi wuya a tashi, ya sake ja kafin na gaba. Umarnin da za ka riƙa amfani da shi daga baya kalma biyu ne: "Ja, ɗaure."

Gargaɗi: riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Mai hawan jini, ko da likita ya ba shi izini, kada ya riƙe. Ya yi da nauyi mai sauƙi yana fitar da iska wajen turawa. Duk wanda ya ce yana ganin jiri, ko duhu-duhu, ko ƙirjinsa ya riƙe, a zaunar da shi, atisayen ranar ya ƙare, idan kuwa ciwon ƙirji ne a kai shi asibiti.

7. Inda za ka tsaya, da batun taɓa jiki

Tsaya a kusurwa, tsakanin gabansa da gefensa, inda za ka ga gwiwa da baya a lokaci guda. Kada ka yi masa magana daga baya yana ɗauke da nauyi, domin zai juyo ya dube ka, wuya da baya su murɗe. Idan kiɗa ya yi yawa a rage shi. Tsawa ba ta maye gurbin kusanci.

Kafin ka taɓa kowa ka nemi izini, ka faɗi wurin da dalilin: "Alhaji, zan sa hannu a tsakanin kafaɗunku don ku ji inda za ku matse." Yawancin gyare-gyare ma ana iya yin su da sanda ko bango ko benci. Game da mata, abin da ya dace da Kano shi ne mace ta horar da mace, a lokacinsu ko a sashensu, kuma gidan motsa jikin da ke son mata su ɗore wajibi ne ya horar da koci mace. Koci mace ita ma wannan ƙa'ida ta neman izini ta hau kanta, haka nan ba a ɗaukar bidiyon kowace mace sai da yardarta, kuma da wayarta.

8. Gyara a lokacin hutu

Lokacin da yake cikin zagaye, abin da zai ji daga gare ka shi ne umarnin nan ɗaya da kuka riga kuka yi magana a kai, ko ƙirge. Bayan ya ajiye ka bar shi ya yi numfashi, sannan ka fara da tambaya: "Yaya ka ji wannan?" Amsarsa za ta nuna maka ko ya fara jin jikinsa. Daga nan ka faɗi abu ɗaya da ya yi daidai, ka ambace shi da sunansa, domin "madalla" kawai ba ta koyar da komai, amma "dunduniyarka ba ta tashi ba ko sau ɗaya" tana gaya masa abin da zai riƙe. Sai gyara ɗaya, sai a koma. Hutun minti ɗaya zuwa biyu ya ishi wannan duka.

Idan ka maimaita umarni sau uku bai yi aiki ba, kada ka ɗaga murya. Sauya kalmar, ko ka rage nauyin, ko ka sauƙaƙa atisayen, misali ka ɗora sandar a kan bulo don ta ɗan taso daga ƙasa. Idan ya ce bayansa a miƙe yake alhali ba haka ba ne, ba gardama yake yi ba, abin da jikinsa ke gaya masa ke nan. Ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma daga gefe, ku kalla tare, ka tsayar da hoton a wurin da bayan ya lanƙwashe, ka tambaye shi me ya gani.

Yayin da yake ƙwarewa ka rage magana. A mako na uku ba kowane zagaye ne ke buƙatar sharhi ba, domin ɗalibin da ya saba jiran bakinka ba zai iya komai ba ranar da ba ka nan.

Gargaɗi: kowane wurin ɗaga ƙarfe yana da masu shisshigi, waɗanda za su taso kowa da nasa gyaran. Niyyarsu mai kyau ce, amma murya uku a kan sabon shiga ɗaya ruɗani ne. Ka roƙe su cikin mutunci, a gefe, cewa duk wanda ya ga wani abu ya faɗa maka kai.

9. Yadda ake maganar ƙara nauyi

Kada ka tambayi matashi "za ka iya?" a gaban abokansa, domin amsar a shirye take. Bayan zagaye ka tambaye shi, "Da ka ci gaba, saura nawa za ka iya yi da kyau?" Idan ya ce uku ko huɗu, kuma idonka ya gaskata, wato na ƙarshe ya fita da sauri da tsari irin na farko, to a zama na gaba a ƙara kaɗan: kilo 2.5 a atisayen hannu da ƙirji, har zuwa kilo 5 a na ƙafa. Idan sandar ta fara tafiyar hawainiya ko tsari ya lalace, a tsaya a nan. Sabon shiga ya riƙa ajiye ƙarfe da sauran biyu ko uku a jikinsa. Zagaye biyu ko uku na sau 8 zuwa 12 sun ishe shi a watan farko.

Ranar da za ka rage masa nauyi, ka faɗi dalili a taƙaice kuma ka ba shi lokacin komawa: "Yau za mu sauko zuwa 30 don bayanka ya zauna, idan ya zauna ranar Alhamis mu koma 35." Mutum yana jure ragi idan ya san ba hukunci ba ne. Kalaman zuga irin su "kai ba namiji ba ne?" ba su da wuri a bakin koci. Su ne ke kai yara ga ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu.

Kafin kowane zagaye a benci, mai tsaron sanda da mai turawa su faɗa wa juna abu uku: sau nawa za a yi, ko ana son taimako wajen ciro sandar, da kalmar karɓa. Mai tsaro ya ajiye waya, hannuwansa kusa da sandar ba tare da ya taɓa ta ba.

10. Zafi da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, rumfar kwano kuma ta fi waje zafi. Sabon shiga ba zai ce ya galabaita ba, kai ne za ka gani: amsa ta yi jinkiri, ido ya yi nauyi, umarnin da ya iya ya fara kuɓuce masa. Ka mayar da darasi bayan asuba ko bayan la'asar, ka sa shan ruwa cikin umarninka a kowane hutu. A watan azumi ka tambaya tun farko wa ke azumi, a koma bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, a rage nauyi, kada kuma a fara koyar da sabon motsi mai wuya ga mai ƙishirwa. Lokacin hunturu a tsawaita ɗumama jiki zuwa minti goma.

11. Rufe darasi da bibiya

Minti biyar na ƙarshe a zaune ake yin su. Ka ce ya faɗa maka da bakinsa abu ɗaya da zai tuna, ka rubuta shi a littafi tare da atisayen ranar, da nauyi, da adadi. Da wannan kalmar tasa za ka buɗe darasi na gaba.

Ka gaya masa tun yau cewa jikinsa zai yi tsami, cewa tsamin yakan fi tsanani a kwana na biyu, yakan kuma lafa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma tafiya da motsi mai sauƙi suna rage shi. Wanda ba a gaya wa ba, idan ya tashi ya kasa sauka daga matakala, zai ɗauka ya ji rauni ne, ba zai dawo ba. Ka sanya masa kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kwana 2 a mako ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga manya a atisayen ƙarfafa tsoka. Washegari ka aika masa gajeren saƙo ta WhatsApp ka tambayi jikin.

Gargaɗi: idan fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, tare da kumburi da ciwon tsoka mai tsanani, wannan alama ce ta lalacewar tsoka da kan iya taɓa ƙoda, kuma asibiti ake zuwa a ranar. Gaɓar da ta kumbura, ko ta ƙi ɗaukar nauyin jiki, ko ciwon baya mai sauka ƙafa, aikin likitan ƙashi ne, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan cikin gari. Koci ba ya ɗori, ba ya rubuta magani.

Cikin makonnin farko, kusan tabbas zai tambaye ka game da allura ko ƙwayoyin ƙara tsoka, ko ya ji wani yana tallar su a wurin. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka kauce wa tambayar. Ka gaya masa cewa waɗannan magunguna suna cutar da hanta da zuciya, suna ɗaga jini, suna rage ƙwayoyin haihuwa, sannan ka mayar da maganar kan abin da zai iya saya: wake, ƙwai, gyaɗa, nono, awara, kifi ko nama gwargwadon hali, da barci isasshe. A ƙarshen mako na huɗu ku buɗe littafin tare, ya ga nauyin da ya fara da shi da wanda yake ɗagawa yanzu, ku kalli bidiyon ranar farko kusa da na yau, sannan ku zaɓi motsi ɗaya da za a ƙara a wata na biyu.